Kwalara ta ɓarke, ciyaman ya ce a kama masu ɓoye marasa lafiya: ina iyakar jami'in duba-gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni jami'in duba-gari ne a wata ƙaramar hukuma. Cutar amai da gudawa ta ɓulla a mazaɓu biyu, har an yi rashe-rashe. Ciyaman ya tara mu ya ce mu rufe wata rijiya da muke zargi, mu garƙame wani gidan ruwan leda, kuma duk magidancin da ya ɓoye marar lafiya mu sa 'yan sanda ko 'yan sintiri su ɗauko shi. Bai ba mu komai a rubuce ba. Mai rijiyar ya rantse zai maka ni a kotu ni kaina, abokan aikina kuma suna cewa in kwantar da hankalina, wai a lokacin annoba tsarin mulki ba ya aiki. Ina tsoron mutane su ci gaba da mutuwa, ina kuma tsoron in wayi gari a gaban alƙali ni kaɗai. Ina iyakata?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Duka tsoron nan biyu suna kan hanya, kuma abin da zai fitar da kai daga ɗaya shi ne zai fitar da kai daga ɗayan.

Ka fara da sanin cewa mai rijiya bai fi ƙarfin doka ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya buɗe wa hukuma ƙofa mai faɗi a kan lafiyar jama'a. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yancin sirrin gida, da na addini, da na faɗin albarkacin baki, da na taro, da na zirga-zirga, idan lafiyar al'umma ta buƙaci haka. Sashe na 35 ya halatta a tsare mai cuta mai yaɗuwa domin a kula da shi ko a kare sauran mutane. Sashe na 44, wanda ya hana a ƙwace wa mutum dukiya ba diyya, ya keɓe kadarar da ke cutar da lafiyar mutane ko dabbobi ko tsirrai. Rijiyar da ke shan ruwan masai ta faɗa cikin wannan. Abin da sashe na 35 ya halatta shi marigayiya Dakta Stella Adadevoh ta tsaya a kai a Legas a watan Yulin 2014, lokacin da ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta rasa ranta a dalilin cutar, amma annobar ta tsaya a kan mutum 20 da mutuwar 8 a ƙasar baki ɗaya, duk da ta fara ne a birnin da ke ɗauke da miliyoyin jama'a.

Yanzu sai maganar abokan aikinka, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin ma'aikaci ko ɗan sanda ko ɗan siyasa. Babu inda aka rubuta cewa annoba tana dakatar da tsarin mulki. Duk ƙofofin da na lissafa maka suna da sharaɗi ɗaya a gabansu: sai da doka, sashe na 45 kuma ya ƙara da cewa dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ake mulkin dimokuraɗiyya. Doka kuwa ita ce abin da majalisa ta zartar aka sa wa hannu, ko ƙa'idar da aka fitar a rubuce ƙarƙashin ikon da wata doka ta bayar, ko dokar ƙaramar hukuma da kansiloli suka amince da ita ta hanyar da aka tanada. Jawabin ciyaman a ɗakin taro bai shiga cikin waɗannan ba. Sanarwar kwamishina a rediyo ba ta shiga ba. Ko gwamna ne ya faɗa da bakinsa a gaban 'yan jarida, muddin babu rubutacciyar doka a bayan maganar, ba a isa a hukunta kowa da ita ba, domin sashe na 36 ƙaramin sashe na 12 ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai an bayyana laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka.

An gwada wannan a kotu a kan abin da kowa ya sani, wato hana fita ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. A Legas an kama wata mata, Faith Okafor, saboda ta fito a lokacin da aka ce kowa ya zauna a gida ya yi shara, aka ci ta tara. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa umarnin gwamna ba doka ba ne, kuma kamun da hukuncin duk sun saɓa wa tsarin mulki. Kotun ba ta ce shara banza ce ba, kuma babu mai hankalin da zai ce haka. Abin da ta ce shi ne, idan gwamnati tana son hana mutane fita, ta je majalisa. To idan kalmar gwamna ba ta tsaya a kotu ba, ina ga ta ciyaman?

Masu cewa ai dokar ta-ɓaci ce ma ba su karanta ba. Shugaban ƙasa kaɗai ke ayyana dokar ta-ɓaci ƙarƙashin sashe na 305, a buga ta a jaridar gwamnati, sannan kashi biyu bisa uku na kowace daga majalisun tarayya biyu su amince. Ko a lokacin korona ba a bi wannan hanya ba. Shugaba Buhari ya sa hannu ne a kan ƙa'idoji ranar 30 ga Maris 2020 ƙarƙashin dokar killacewa ta 1926, da su aka kulle Legas da Ogun da Abuja, daga baya a ƙarshen Afrilu aka haɗa da Kano. Kuma ko da an ayyana ta-ɓacin, akwai abin da ba ya taɓuwa: sashe na 34, wanda ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Bulala a bakin titi, tsallen kwaɗo, birgima a cikin kwata, babu cutar da ta halatta su. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ƙara toshe hanyar fakewa, inda ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kullen 2020, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar a daidai lokacin. Irin wannan ne ake girba idan aka gaya wa mai bindiga cewa doka ta tafi hutu.

Bayan haramcin, akwai ɓarnar da wannan fahimta ke yi wa aikin lafiyar kansa, kuma ka fi ni sanin wannan. Ranar da aka ga motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gida an fito da maigida a gaban matansa da 'ya'yansa saboda yaronsa yana gudawa, daga ranar babu wanda zai ƙara faɗa maka gaskiya a unguwar. Za ka yi sallama a zaure a ce kowa lafiya, alhali a ƙuryar ɗaki akwai yarinya kwance a kan tabarma, idanu sun faɗa, an kira wani mai kemis ya maƙala mata ruwa a jikin ƙusa, ana zubar da bahayarta a kwatar da ke bi ta gefen rijiya. Can za ta mutu, a wanke ta a gida, masu wankan su kwashi cutar su raba. Mai kemis ɗin nan da bai san yawan ruwan da jikin yaro ke ɗauka ba, da mai tallar garin magani a lasifika, da mai tura saƙon murya a WhatsApp cewa sansanin jinya wurin kashe mutane ne, duk kasuwarsu tana buɗewa ne ranar da mutane suka fara tsoron ma'aikacin gwamnati. Mun ga haka a kan allurar shan inna: Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 saboda jita-jita da kuma tabon gwajin magani da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, ba a dawo ba sai Yulin 2004, kuma cutar ta tsallaka ƙasashe da dama kafin nan. Abin da ya dawo da iyaye shi ne bakin sarakuna da malamai da matan unguwa masu shiga gida-gida, har aka kai ga ayyana ƙasar ta rabu da cutar a Agustan 2020.

Game da ɗaukar marar lafiya da ƙarfi, a rarrabe babba da yaro. A shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa, sai dai ta nuna cewa wannan iko yana tsayawa inda lafiyar sauran jama'a ta shiga haɗari. Yaro kuwa daban ne. A shari'ar Esabunor da Faweya ta 2019, kotun ta goyi bayan likitan da ya ƙara wa jariri jini duk da mahaifiyarsa ta ƙi saboda aƙidarta. Ka lura da hanyar da likitan ya bi: ya sanar da 'yan sanda, aka je gaban majistare, aka karɓo umarnin kotu, sannan aka yi aikin. Ita ce hanyarka idan lallashi ya ƙare. Ka fara da mai unguwa da liman, ka tura ma'aikaciya mace ta shiga cikin gida ta ga marar lafiya, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Liman ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa idan annoba ta sauka a gari kada a shiga, waɗanda ke ciki kuma kada su fita, don haka killacewa ba baƙon abu ba ne a wurin mutanenmu. 'Yan sintiri kuwa ka bar su a waje gaba ɗaya, ba su da hurumin kutsawa gidan kowa a kan wannan.

Rijiya da gidan ruwan leda sun fi sauƙi. Ka ɗauko dokar lafiyar jama'a ta jiharku da dokokin tsafta na ƙaramar hukumarku, ka nemo sashen da ya yi magana a kan gurɓataccen ruwa da abin da ke cutar da maƙwabta, ka rubuta lambarsa a kan takardar gargaɗin da za ka miƙa. Ka ɗebi samfurin ruwan a gaban mai shi da shaida, ka aika gwaji, ka auna tazarar rijiyar da masai ka rubuta, ka ɗauki hoto. Idan zuba sinadarin kulorin da gyara bakin rijiya zai wadatar, kada ka cike ta da ƙasa, domin kotu tana duba ko matakin ya yi daidai da girman haɗarin, kuma unguwar da aka rufe wa rijiya ba a kawo tankar ruwa ba za ta koma kududdufi ne. Rufewar ta zama ta wucin gadi, da sharaɗin buɗewa a rubuce. Mai ruwan leda kuma ka sanar da NAFDAC, ita ce ke da iko a kan rajistarsa. Idan ya bijire, kotun majistare ko ta tafi-da-gidanka tana nan. Kada ka karɓi tara a hannu ba rasit, ko da ciyaman ne ya ce.

Umarnin ciyaman kuwa, ka koma ta hannun shugaban sashenku ka roƙa cikin ladabi a ba ku shi a rubuce, da sa hannu da kwanan wata da sashen dokar da aka dogara da shi. Sashe na 35 ƙaramin sashe na 6 ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, sashe na 46 kuma ya ba shi damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye, kuma lauyansa zai sa sunan wanda ya tsaya a ƙofar gidan a cikin waɗanda ake ƙara. Shugaban da ya ƙi rubuta abin da ya faɗa ya riga ya nuna maka inda zai tsaya ranar shari'a.

Fushina na gaske yana kan masu riƙe da alƙalami. Dokar killacewar da muke dogaro da ita ta zamanin Turawa ce, kwalara tana cikin cututtukan da ta ambata, amma tarar da ta tanada naira 200 ce ko ɗaurin wata shida. A 2020 Majalisar Wakilai ta kawo ƙudurin maye gurbinta cikin gaggawa, aka gano an kwafo yawancinsa daga dokar Singafo, ya ba shugaban NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, iko mai yawan gaske, jama'a suka yi ca, maganar ta mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka majalisunmu suke yi duk shekara. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan ta kashe sama da 3,000, mafi yawa a jihohin Arewa, kuma damina ba ta zuwa ba sanarwa. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi banɗakunan jama'a da kwashe shara da magudanan ƙazanta da kula da kasuwanni da mayanka da gidajen abinci. Ciyaman ɗin da ke gaggawar aika 'yan sanda gidan talaka, a tambaye shi banɗaki nawa ya gina a kasuwa da tasha, rijiyar burtsatse nawa ya gyara a mazaɓun nan biyu kafin ruwa ya sauka, kuma ko akwai kulorin a sitonsa yau. Ka sa waɗannan buƙatu uku a cikin rahoton da za ka kai masa, ka ajiye kwafi a wurinka.