Tambaya da Amsa: Akwai Musulmin da ya yi nisa a ilimin halayyar ɗan Adam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Jekadafari ce a Gombe, ina aji uku a Jami'ar Jos, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Burina in zarce zuwa ɓangaren duba marasa lafiya a asibiti, in kuma koyar a jami'a. Amma Baba bai saki jiki da karatun ba. Wani amininsa ya gaya masa wai ilimin na wani Bature ne mai suna Freud da ya ce addini ruɗu ne, kuma wai ƙarshenta a asibitin mahaukata zan ƙare. Shin akwai Musulmin da ya yi nisa a fannin nan bai zubar da addininsa ba? Me bincikensa ya canza? Ina neman abin da zan nuna wa Baba.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara da gaishe min da Baba, kuma kada ki ji haushinsa. Aminin nasa bai yi wa Freud ƙage ba, lallai ya ɗauki addini a matsayin ruɗu. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar Freud a matsayin ilimin gaba ɗaya. Mu da muke zama da marasa lafiya a yau, yawancin abin da muke aiki da shi bai fito daga wurinsa ba.

Sunan da za ki kai wa Baba shi ne Farfesa Malik Badri, mutumin Sudan. An haife shi a garin Rufa'a a 1932, ya rasu a Malesiya a watan Fabrairun 2021, Allah Ya jiƙansa. Mahaifinsa, Shehu Babikir Badri, shi ne ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, lokacin da mutane ke ganin abin a matsayin baƙon al'amari. Wannan kaɗai ya isa abin hira tsakaninki da Baba.

Malik ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar Amurka da ke Beirut, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1961, sannan ya koma Landan ya samu horo kan duba marasa lafiya a makarantar likitanci ta asibitin Middlesex. Ya koyar a Sudan da Jodan da Saudiyya, ya daɗe a Jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa da ke Malesiya, ya kuma koyar a Istanbul a ƙarshen rayuwarsa.

Abin da nake so ki riƙe game da shi shi ne jerin yadda ya yi abubuwan. Bai fara da suka ba. Ya fara da ƙwarewa a aikin. A wancan zamani akwai wata hanya da wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Joseph Wolpe ya fito da ita ta magance matsanancin tsoro: a sa mara lafiya ya saki jikinsa, sannan ya riƙa kawo abin da yake tsoro a ransa kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, yana shiru, in tsoron ya taso ya ɗaga yatsa. Badri ya ga shirun nan yana ɓoye abu mai yawa. Sai ya sa mara lafiya ya riƙa faɗin abin da yake gani a ransa da bakinsa, shi kuma yana sauraro yana tattaunawa da shi a kan tunanin da ke biyo bayan tsoron. Ya buga wannan gyara a mujallar ilimi a shekarun 1960. Da ya zo yin magana a kan addini, ba wanda ya isa ya ce masa bai san aikin ba.

A 1976 ya gabatar da wata maƙala a Amurka inda ya ari hadisin nan da ke gargaɗin bin sawun mutanen da suka gabata taku bayan taku, ko da ramin damo suka shiga. Ya ce haka masana halayyar ɗan Adam Musulmi suke yi: duk abin da aka rubuta a Turai sai su kwaso su koyar da ɗalibai, ba tare da tambayar a kan wane irin fahimtar mutum aka gina shi ba. Maƙalar ce ta girma ta zama ɗan littafinsa na 1979 kan tsaka-mai-wuyar da waɗannan masana ke ciki. Wasu sukan ɗauko littafin su ce Badri ya ce a watsar da ilimin. Ba haka ya ce ba. Ya ce a tace: abin da aka gwada a kan mutane aka ga yana aiki a karɓa, abin da falsafar marubucin ce kawai aka yi mata rigar kimiyya a ajiye.

Aikinsa da ya fi shiga raina shi ne fito da Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya, ɗalibin masanin falsafa al-Kindi. Badri ya fassara sashen littafinsa da ya shafi lafiyar rai zuwa Ingilishi, aka buga a 2013. Al-Balkhi ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin ɗa ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar maganin jiki. Ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon da kan zo ba sallama. Wannan ya yi kusa ƙwarai da hanyar gyaran tunani da Aaron Beck ya gina a Amurka a shekarun 1960, wadda muke amfani da ita yanzu.

Na ga amfanin wannan a ɗakin da nake ganin mutane a nan Bauchi. An taɓa kawo min wata baiwar Allah da waswasin alwala ya hana sakat, tana maimaita wanke gaɓoɓi har lokacin salla ya fita, fatar hannunta duk ta tsattsage. Mijinta ya zauna a bakin ƙofa fuska a ɗaure, don a ganinsa kawo ta wurina raunin tawakkali ne. Da na ce masa malaman Musulunci sun rubuta a kan wannan ciwo fiye da shekara dubu da ta wuce, na ambaci al-Balkhi, sai ya jawo kujera ya shigo. Daga nan shi ne ya riƙa tsayawa kusa da ita a gida idan za ta yi alwala, ta wanke sau uku ta tsaya, ta daure wa faɗuwar gaban har ta lafa. Ba mu hana ta addu'a ko azkar ba, tare muka tafi da su.

Sai dai in gaya miki iyakar aikin nasa, don kada ki ɗauka an gama komai. Badri ya buɗe tambaya, ya tayar da ɗalibai a ƙasashe da dama, ya kafa ƙungiyar duniya ta ilimin halayyar ɗan Adam a mahangar Musulunci a 2017. Amma tasirinsa ya fi ƙarfi a tunani da tarbiyyar malamai. Aikin ɗauko hanya a gwada ta a kan ɗaruruwan marasa lafiya, a kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, a ƙirga sakamako, yana nan yana jiran masu yi, musamman a ƙasar Hausa. Gombe da Bauchi cike suke da mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da yawa ba sa iya barci har yau. Su wa za su yi bincike a kansu da harshen da suke ji in ba irinku ba?

Hanyar kuwa ita ce ki gama digirin farko da sakamako mai kyau, ki yi na biyu a ɓangaren duba marasa lafiya, wanda ke haɗe da horo a asibiti ƙarƙashin ƙwararre, sannan digirin digirgir in koyarwa kike so. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. Ki sanar da Baba cewa ke ba za ki rubuta magani ba, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Naki aikin auna halin da mara lafiya ke ciki ne da magani ta hanyar zama da magana. Kuma mutanen da ke asibitocin nan 'ya'yan wasu ne, iyayen wasu ne. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, don kare musu haƙƙinsu.

TAMBAYA: Hajiya, ni ƙaramin malami ne a wata babbar makaranta a Bauchi. Ana ta yi mana maganar yawan ambaton da takardun binciken mutum suka samu a rubuce-rubucen wasu masana. Da shi kaɗai ake gane malamin da bincikensa ya yi tasiri?

AMSA: Malam, lissafin yana da amfani, kuma masu ƙarin girma suna dubawa, don haka kada ka raina shi. Ma'aunin da aka fi yayi, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005, yana nufin in an ce mutum yana da 10, to yana da takardu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Amma yana fifita wanda ya daɗe a aiki da wanda ke rubutu kan abin da Turai da Amurka suka damu da shi.

Dubi Farfesa Peter Ebigbo na Inugu, masanin halayyar ɗan Adam. Ya lura mutanenmu ba kasafai suke zuwa su ce suna cikin damuwa ba, sai dai su ce kansu na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsu. Sai ya tsara ma'aunin tambayoyi a kan irin waɗannan koke-koke, ya buga a 1982. Irin maganganun da nake ji ke nan daga bakin matan da ke zuwa wurina daga Dass da Ningi, kuma aikinsa ya sa na san me zan tambaya bayan an ce min an yi gwajin jini ba a ga komai ba.

Ka zaɓi matsala ɗaya da ke gabanka, kamar shan maganin tari da ƙwayoyi a tsakanin ɗalibai, ka bi ta shekaru, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka yi wa kowa tambaya. Ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga takarda cikin mako guda ba tare da masana sun duba ba. In ka gama, ka rubuta taƙaitaccen sakamakon da Hausa, shafi ɗaya, ka kai wa shugaban makarantar da ma'aikatan asibitin da suka ba ka haɗin kai.