Amsa ga mai yawan tafiyar aiki

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka sauke haƙƙin iyalinka alhali aiki yana kai ka Gusau, Kaduna da Birnin Kebbi kusan kowane mako, ga ka kuma da son abinci mai daɗi. Ni ma haka rayuwata take, kuma abin da ya taimake ni shi ne na mayar da abincin abin da ke haɗa mu. Idan na biyo ta Argungu ba na dawowa hannu rabbana. Nakan sayo busasshen kifi, uwargida ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, mu zauna a tabarma ɗaya bayan sallar Magariba, autata tana tsince ƙayar kifin tana ba ni labarin makaranta. Wannan zaman ya fi mini duk wani tsiren da zan ci ni kaɗai a bakin tasha.

In da hali, ka keɓe ranar Juma'a ga iyali, kada ka yarda a sa maka tafiya a cikinta. Ka kuma riƙa kamo hanya da sassafe, domin hanyar Gusau ba ta tafiyar dare ba ce, sannan ka iso Sakkwato kafin yara su yi barci.