Lasifikar Ilektirostatik: An Cuce Ni Ne, Kuma In Bari Mai Gyara Ya Buɗe Ta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Na daɗe ina tara kayan sauti na ɗaki. Wata huɗu da suka wuce na sayi lasifikokin MartinLogan guda biyu na hannu, dogayen nan masu allo da ake hango bayansu ta cikinsu. Da farko in na kunna sai in ji kamar mawaƙin yana zaune a falona. Yanzu ta hagu ta yi ƙasa, wani lokaci har da ƙas-ƙas. Hankalina a tashe yake, don kuɗin ba kaɗan ba ne. Abokaina suna cewa da abin kirki ne da kowa ya saya. Wani mai gyara ya ce in kawo ya buɗe ya goge, wai da an zare filogi babu sauran wuta a ciki, sannan in nemi amfilifaya babba. Ga shi ina da yara ƙanana a gida. Shin an cuce ni ne?

Mai karatu daga Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, abin da kunnenka ya ji a farko gaskiya ne, kuma alamun da ka lissafa sun fi kama da ƙura ko tsufan allo, ba cuta ba. Sai dai kada ka kai ta wurin mai gyaran nan, zan faɗa maka dalili.

Maganar abokanka tukuna. Irin wannan lasifika, da ake kira ilektirostatik saboda cajin wuta ne ke motsa ta ba maganaɗisu ba, ba sabuwa ba ce. Tun 1957 Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ya fitar da wadda ake kira ESL-57, kuma har yau masu kunne suna gwada wasu da ita wajen fitar da muryar ɗan Adam. Sirrin shi ne wata siririyar leda da ke cikin allon, tsakanin ƙarafa biyu masu huji kamar rariya. Kaurinta bai wuce 'yan mikron ba, silin gashi ya ninka ta sau da yawa, kuma wuta tana tura ta ko'ina a lokaci ɗaya, babu koyil (naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa lasifika irin ta kowa), babu maganaɗisu, babu akwatin da zai ƙara nasa amo. Abin da ba shi da nauyi yana tashi nan take, ya tsaya nan take. Shi ne ka ji.

To amma abin da ya ba ta daɗi shi ne ya hana ta kasuwa. Ratar da ke tsakanin leda da ƙarfe 'yar kaɗan ce, ledar ba ta da wurin yin nisa, don haka in ana son ta tura iska da yawa dole allon ya yi girman ƙyaure. Tana fitar da sauti gaba da baya, a sautuka masu kauri, wato bes, na bayan yana cinye na gaban, sai bes ɗin ya zube. Shi ya sa yawancin irin taka suke da akwatin bes irin na kowa a gindinsu. Tana son a janye ta kamar mita ɗaya daga bango, kuma daɗinta na gaske kujera ɗaya yake sauka, in ka matsa gefe siririn sauti ya ragu. Ga ta da wahalar da amfilifaya, domin a siraran sautuka juriyarta ga wuta kan faɗi zuwa om ɗaya ko ƙasa (om ma'aunin juriyar ne), sai ta riƙa jan wuta da yawa. Ga soket nata na kanta, ga shi da hannu ake harhaɗa ta, abin da ke ƙara mata tsada. Ita kuwa lasifikar koyil, wadda Rice da Kellogg na General Electric suka bayyana tun 1925, tana shiga mota, ta shiga waya, ta cika filin biki da kuɗi kaɗan. Ko a Turai da Amurka masu falon da za su sadaukar da mita ɗaya da kujera ɗaya ba su da yawa, shi ya sa sana'ar ta tsaya a hannun kamfanoni ƙalilan irin su Quad, MartinLogan na jihar Kansas da Sound Lab na Yuta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka: "da an zare filogi babu sauran wuta". Wannan magana ina jin ta kusan kullum a bakin masu gyara, a kan talbijin, a kan inbata, a kan komai, kuma a kan wannan lasifika tana iya kai mutum kushewa.

Wuta iri biyu ce a cikinta, kuma ba hanya ɗaya suke shigowa ba. Ta farko ita ce ta soket, wadda ake ninkawa zuwa dubban bolt a ɗora wa ledar caji. A ESL-57 allon bes yana ɗaukar bolt 6,000. Wannan an rage mata ƙarfi da manyan razisto, amma an gina allon ne musamman don ya riƙe caji, saboda haka bayan zare filogi yana iya daɗewa bai sauke ba. Masu gyara sukan ce ai irin tartsatsin rigar nailan ne da hunturu. Ko da haka ne, mutumin da ya zabura da sukundireba a hannu ledar zai huda, ko ya kai hannu inda ya fi muni.

Inda ya fi munin ita ce wuta ta biyu, kuma babu ruwanta da filogin lasifika. Daga amfilifaya take zuwa, ta bi ta taransifomar da ke ninka ta sau hamsin, sau ɗari ko fiye, kafin ta isa ƙarafan. Bolt 20 daga amfilifaya, in an ninka sau ɗari, ya zama 2,000, kuma wannan karon akwai ƙarfin amfilifaya gaba ɗaya a bayansa. Ka lura da tarkon da kyau. Mai gyara ya zare filogi, caji ya tsiyaye, allo ya yi shiru. Shi a ganinsa abu ya mutu. Sai ya ce wa yaron shago ya ƙara murya a ji ko za ta yi magana, shi kuma hannunsa yana ciki yana taɓa wayoyi. Allon shiru, amma bakin taransifomar a cike yake fal. Shirun nan shi yake yaudarar mutane, domin duk rayuwarsu sun saba in lasifika ba ta ƙara to babu komai a jikinta.

An taɓa kawo mini wasu guda biyu bayan sun kwana uku a wani shago. Da na haska tocila a jikin ledar sai ga ƙananan huji masu baƙin baki, kamar inda garwashi ya faɗa wa tabarmar roba. Fis ɗin an naɗe shi da waya. Yaron da ya rako kayan ya nuna mini yatsansa da ƙuna fara, ya ce shi aka sa ya riƙe waya ana gwadawa, sai dai ya tsinci kansa a ƙasa. Bai fi shekara goma sha biyar ba. Maigidansa kuma bayanin da ya yi wa mai kayan shi ne wai kayan Turawa ba sa son wutarmu. Raina ya ɓaci ranar, har yanzu in na tuna yana ɓaci. Rashin sani ba laifi ba ne, amma mutum ya karɓi abin da bai taɓa gani ba, ya ƙi cewa ban iya ba don kada a raina shi, ya sa ɗan wani a gaba, wannan ba sana'a ba ce. Iyaye sun kawo yaro ya koyi abin dogaro da kai, amana ce a wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Shawarar amfilifaya babba ma daga wannan rijiyar ta fito. In gefe ɗaya ya yi ƙasa, sau da yawa caji ne yake zuba, ba wat ne ya gaza ba. Ka danna mata amfilifayar biki, wuta tana iya yin tsalle ta ƙona ledar, hujin kuma ba ya ɗinkuwa. ESL-57 da ake ta yabo da amfilifaya mai wat 15 aka yi ta. Taka ta fi ta ɗaukar wat nesa, amma abin da take nema shi ne amfilifayar da ba ta rikicewa in juriyar lasifikar ga wuta ta faɗi.

Game da yaranka, ƙarafan MartinLogan an lulluɓe su da rufin da ke tare wuta, taɓa su a rufe ba ya cutarwa. Ka dai duba ko rufin ya ɓantare a wani wuri, tunda na hannu ce, kuma ka hana su tsokana da ƙusa ko waya, ko zuwa kusa da ita da kofin ruwa.

Abin da za ka iya da kanka kaɗan ne. Kashe amfilifaya, ka musanya wayar hagu da ta dama. In raunin ya koma dama, matsalar ba ta lasifika ba ce. In ya tsaya a hagu, ka zare filoginta ta kwana, da safe ka zuƙe ƙurar gaba da baya da injin zuƙar ƙura, kamar yadda kamfanin da kansa yake ba da shawara. Allo mai caji yana jan ƙura, ƙurar hunturunmu kuma in ta haɗu da laimar damina sai ta zama hanyar da caji ke bi ya gudu, daga nan ƙas-ƙas ɗin yake. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da fetur, ban da iskar mai faci. Bidiyon da ake yaɗawa na wanke allo a banɗaki ka bar wa waɗanda suka riga suka fid da rai da nasu. Ka ɗinka mata riga ta rufewa. Ka kuma karanta bayanta, domin in daga Amurka ta zo ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

In duk ka yi wannan ba ta dawo ba, mai yiwuwa shafin da aka yi wa ledar don ta ɗauki caji ne ya tsufa, kuma kamfanin yana sayar da sabon allo na samfura da yawa in ka ba su lambar jikinta. Ana canza biyun ne tare don murya ta daidaita. Duk wanda zai ɗaura maka, ka tambaye shi ta ina wuta mai ƙarfi take shiga allon. In soket kaɗai ya ambata, ka ɗauki kayanka ka fita.