Shin Lambar Yabo Ce Ma'aunin Fim Mai Kyau?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai sha'awar tsofaffin fina-finai ce, musamman na Indiya, kuma na lura wasu da ake ƙauna har yau ba su samu lambobin yabo masu yawa a zamaninsu ba. Shin lambar yabo ce ke tabbatar da ingancin fim?

Amsa: Malama, a ganina lambar yabo tana nuna ra'ayin masu zaɓe ne a shekara guda kawai, alhali hukuncin 'yan kallo yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna. Dubi Sholay na 1975, wanda ya shafe fiye da shekara biyar ana nuna shi a sinima ɗaya a Bombay, amma a bikin Filmfare, wato bikin ba da lambobin yabo na fina-finan Indiya, lamba ɗaya tak ya samu, ta tace hoto, yayin da Deewaar ya lashe ta gwarzon fim. A Amurka ma, sau biyar aka sanya Alfred Hitchcock a takarar Oscar ta gwarzon darakta, bai taɓa ci ba.

Abin da ya fi raya waɗannan fina-finai na Indiya shi ne waƙa, domin mutum yakan manta labarin amma amshin yana nan a bakinsa. Jarumar da ake gani tana rausaya cikin furanni motsa leɓe kawai take yi, muryar kuwa sau da yawa ta mawaƙiya Lata Mangeshkar ce, kuma an ɗauki waƙar tun kafin a kunna kyamara. Duk da wannan gudummawa, sai a 1959 Filmfare ta ware wa mawaƙan bayan fage lambarsu, kuma Lata ce ta fara karɓa.