Libarbar Da Aka Tsinta A Adakar Kaka: Yaya Lafiyarta, Nawa Kuma Za Ta Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar kakarmu muna kwashe kayan ɗakinta, sai muka tarar da wata tsohuwar libarba a ƙasan adakar mijinta, naɗe cikin tsumma. Shi kakan namu soja ne a zamanin Turawa, yana cikin waɗanda aka kai yaƙin Bama. A jikinta an buga WEBLEY, MARK VI, da 1917, ga kuma wata alama kamar kan kibiya. Tsatsa ta ɗan kama ta. Ƙanena ya ce a kai wa maƙeri ya goge ta ta yi ƙyalli kafin a nemi mai saye. Yaya zan gane lafiyarta, kuma nawa za ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsofaffin, ya kyautata namu zuwan. Ɗan'uwa, ka fara da riƙe hannun ƙanenka. Ranar da dutsen maƙeri ya taɓa bindigar nan, ranar darajarta ta zube, kuma ba ta dawowa.

Kafin komai, kada ka ɗauka babu harsashi a ciki. Wannan samfurin karyewa yake daga sama: akwai ɗan maɓalli a gefen hagu kusa da gudumar da ke bugun harsashi, idan aka danna shi bututun sai ya sunkuya, ramuka shida na gangar da ke juyawa su bayyana. Bakin na kallon ƙasa, yatsa nesa da kunama. In ta ƙi buɗuwa, a bar ta haka, kada a buga ta da komai. Zancen gwada harbi kuwa babu shi.

Abin da ke hannunka bindigar hafsoshin Ingila ce. Kamfanin Webley & Scott na Birmingham ya ƙera ta, sojan Ingila suka karɓi samfurin Mark VI a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Harsashinta .455 ne, tsawon bututunta inci 6. Kan kibiyar nan tambarin gwamnatin Ingila ne, ma'ana kayan hukuma ce. Idan kibiyoyi biyu ne suna fuskantar juna, an sayar da ita ne bayan an cire ta daga aiki. A 1932 an koma ƙaramar libarbar Enfield mai harsashi .38, amma ƙarancin makamai ya sa tsofaffin Webley suka ci gaba da aiki har Yaƙi na Biyu, don haka ba abin mamaki ba ne ta 1917 ta je Bama tare da runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sai dai kurtu doguwar bindiga Lee-Enfield ake ba shi. Mai yiwuwa wannan daga hannun wani hafsa ta fito, kuma labarin yadda ta shigo hannun kakanku abin nema ne wajen dattawan gida tun suna raye.

Masu tara irin waɗannan kaya lamba suke fara dubawa. Ana buga lamba guda a jikin bindigar, da bututu, da ganga. In duk sun zo ɗaya, yadda ta fito daga masana'anta haka take. In sun saɓa, an yi mata haɗe-haɗe a wajen gyara, farashi ya sauka. Ka lura da rubutun kansa ma. A Darra Adam Khel ta Pakistan maƙera sun daɗe suna kwaikwayon Webley da hannu, kuma abin da ke tona su shi ne haruffa a karkace, wani lokaci har da kuskuren rubutu.

Sai launi, wanda a nan ne mutanenmu suka fi yin ɓarna. Baƙin shuɗin da ke jikin ƙarfen ba fenti ba ne, rini ne na masana'anta. Bayan shekara ɗari yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa, musamman a gefuna da wurin da hannu ke kamawa. Mai sani yana son ganin wannan tsufan, don shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Wadda aka goge kuwa nan take ake gane ta: kusurwoyi sun yi laushi, rubutu ya dusashe, tambura sun shafe. Tsatsar da ta tsaya a sama ba komai ba ce, ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya isa ya tsayar da ita. Wadda ta ci rami a ƙarfe ita ce cuta. Ka haska tocila cikin bututun: ya kamata ka ga layuka suna murɗawa fes. Harsasan soja na da suna barin wani gishiri mai jawo danshi, idan ba a wanke ba sai cikin ya zama kamar fuskar mai zanzana. Kuma ka raba ta da tsumman nan, shi ke riƙe mata damina.

Akwai wata illa da ta shahara a kasuwar Amurka. Dillalai sun aske bayan gangar dubban Webley don su ɗauki harsashin .45 ACP da ya fi samuwa can, alhali ƙarfinsa ya wuce abin da aka gina bindigar a kai. Alamarta ita ce lambar gangar ta yanke rabi. Taku da ta kwana a adaka da wuya ta gamu da wannan, kuma wadda ba a aske ba ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ƙota ta baƙar roba mai tauri ce, takan ɓalle a gefe. Zoben igiya a gindinta ma a duba yana nan.

Yanzu maganar kuɗi, kuma ba za ta yi maka daɗi ba. An ƙera Mark VI da yawa ƙwarai, ba abu ne mai wuyar samu ba, don haka ko a wuraren gwanjo na Ingila da Amurka abin da ke ɗaga ta shi ne tarihi: sunan hafsa a jiki, gidanta na fata, takardun da suka nuna wanda ya riƙe ta. A Nijeriya kuwa ba ta da farashin halal. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake riƙe su, kuma gado ba ya zama lasisi. Hukuncin riƙewa ɗaurin shekaru ne. Duk wanda ya zo maka da tayi a asirce, ba tarihi yake nema ba, ka san halin da ƙasa ke ciki.

Ka ɗauke ta hoto ta kowane gefe, ka rubuta lambobinta. Kada ka sa ta a jaka ka bi hanya. Ka sami lauya ya rubuta wa 'yan sanda yadda aka same ta, su zo su karɓa, ku karɓi takardar shaida. A wasiƙar ku nemi a duba yiwuwar miƙa ta ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da sunan kakanku. Sannan ku sake bincika adakar da kyau: takardar sallama daga soja, hotuna, da lambar yabo ta Burma Star in an ba shi, waɗannan babu dokar da ta hana ku ajiye su a gida.