Tambaya da Amsa: An ɗaga minti biyar, me ya kai mu minti 97?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Funtuwa, kuma ba na fashin gidan kallo Asabar da Lahadi. Makon jiya muka yi musu da abokaina har da ɗaga murya. An ɗaga allo minti biyar, amma sai da agogon talabijin ya kai 97 aka farke wa ƙungiyata ƙwallo, sannan alƙali ya tashi wasa. Su sun ce ba a cuce mu ba, tunda golanmu ne ya yi ta kwanciya. Ni na ce biyar biyar ce. Wa ya fi gaskiya? Kuma me ya hana a riƙa tsayar da agogo kamar yadda ake yi a ƙwallon kwando?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na san irin zafin da ka kwana da shi, don ƙwallon ƙarshen wasa ta fi kowace ciwo. Sai dai a wannan musun abokanka sun fi ka gaskiya.

Lambar da alƙali na huɗu ke ɗagawa a allo, mafi ƙarancin abin da za a ƙara ce. Haka Doka ta 7 ta tanada cikin dokoki 17 na ƙwallon ƙafa: alƙalin tsakiya yana iya ɗorawa a kai, amma ba shi da ikon ragewa. In golanku ya kwanta minti ɗaya da rabi a cikin minti biyar ɗin nan, aka kuma yi canji ɗaya, to minti 97 daidai ne. Agogon da kake gani a kusurwar talabijin na masu haska wasa ne. Wanda doka ta sani yana ɗaure a hannun alƙali, shi ne ke lissafin abin da ya salwanta wajen canji, duba mai rauni, ba da kati, murnar cin ƙwallo, hutun shan ruwa, zuwa kallon VAR (bidiyon da ke taimaka wa alƙali yanke hukunci), da cinye lokaci da gangan. Ko da lokaci ya cika, in an ba da fenariti sai an buga ta kafin a tashi.

Wuƙa da nama a hannun mutum ɗaya ke nan, kuma mutum ajizi ne. Ka tuna wasan Mali da Tunisiya a Limbe, gasar cin kofin Afirka a Kamaru, ranar 12 ga Janairun 2022. Alƙalin, Janny Sikazwe ɗan Zambiya, ya busa tashi a minti na 85. Aka ankarar da shi, aka ci gaba, ya sake busawa saura 'yan daƙiƙu minti 90 ya cika, alhali a zagaye na biyun an yi fenariti biyu, an ba da jan kati, an je VAR. Daga baya aka nemi a dawo a ƙarasa, 'yan Tunisiya suka ƙi fitowa, nasarar Mali da ci ɗaya ta tabbata. An ce zafin rana ne ya buge shi. A gasar cin kofin duniya ta 1978 kuwa, Clive Thomas ya busa tashi ƙwallo na sama daga bugun kwana, Zico na Brazil ya sa kai ta shiga ragar Suwidin, aka ce ba ci ba ne.

Na yi shekaru ina busa wasannin unguwa, da agogo biyu a hannu, ɗaya yana tafiya ba tsayawa, ɗayan ina tsayar da shi duk lokacin da aka samu tsaiko. Akwai wasan ƙarshe na wani kofi da ba na mantawa. Ƙwallo ɗaya tak muke da ita, filin kuma yana jingine da gonar dawa da ta fi mutum tsawo. Masu ci ɗaya suka gane, duk wanda ƙwallo ta zo masa sai ya narka ta cikin gonar. Yaran da za su ɗauko 'yan unguwarsu ne, sai ka ga karan dawa na motsi can ciki, yaro kuwa shiru. Na ƙara minti tara cif, ban ci haƙƙin kowa ba a lissafi. Amma ga magariba ta kawo kai, masu neman farkewa jikinsu ya yi sanyi, zafin da suka taso da shi ya tafi. Ranar na gane cewa mai cinye lokaci ba minti kaɗai yake sacewa ba, ƙarfin gwiwar abokin karawa yake kashewa, kuma wannan babu alƙalin da zai iya mayar da shi da allo.

Shi ya sa a ganina gyaran da ya fi aiki a tarihin ƙwallo shi ne wanda ya sa cinye lokaci ya zama da tsada. A gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, 'yan baya sun mai da mayar wa gola ƙwallo sana'a: a tura masa, ya kama, ya gangaro, a sake tura masa. Wasan Ailan da Masar da aka tashi babu ci har yau ana misali da shi. A 1992 hukumar IFAB mai tsara dokokin wasa ta hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya turo masa da ƙafa da gangan, kuma cikin ɗan lokaci wasan ya canza kama. A 2019 aka ce wanda aka canza ya fita ta layin da ya fi kusa da shi, don a daina wannan tafiyar hawainiya daga wancan ƙarshen fili.

Sai maganar golanku. Shekara da shekaru doka ta ce kada gola ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa shida, amma da wuya ka ga an hukunta, domin hukuncin bugun tazara ne a cikin da'irar gola, alƙalai na ganin ya yi tsauri. A 2025 aka mayar da shi daƙiƙa takwas, hukuncin kuma bugun kwana. Alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu kowa na gani. A gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi da aka yi a Amurka a shekarar, wannan doka ta kama Ronwen Williams, golan ƙungiyar Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu. Wannan gyara ya yi mini, don hukunci ne da alƙali zai iya yankewa ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Ɗaya hanyar ita ce wadda aka bi a Katar a 2022, inda Pierluigi Collina, shugaban kwamitin alƙalai na FIFA, ya sa a lissafa duk abin da ya salwanta. A wasan Ingila da Iran an ƙara minti 14 a zagayen farko saboda raunin golan Iran, Mehdi Taremi na Iran kuma ya ci fenariti a minti na 13 na ƙarin zagaye na biyu. Adalci ne, amma ƙafafun 'yan wasa ke biyan kuɗin.

Game da tsayar da agogo, ba kai ne farkon kawo shawarar ba. A 2017 IFAB ta fitar da ita don tattaunawa: zagaye biyu na minti 30, agogo ya tsaya duk lokacin da ƙwallo ta fita, tunda dama a yawancin manyan wasanni ƙwallo ba ta cika minti 60 tana yawo. Ba a amince da ita ba. Ni ma ban goyi baya ba, don in agogo ya tsaya gola zai kwanta son ransa ya sanyaya wasa, babu mai matsa masa ya tashi. Kuma doka ɗaya ce ke aiki daga babban filin wasa na Wembley a Landan har filin makarantar firamaren unguwarku, inda babu allo babu mai riƙe agogo na musamman.

Asabar mai zuwa in an ɗaga allo, ɗan'uwa, ka sa ido a kan abin da ke faruwa bayan an ɗaga shi. Duk wanda ya kwanta ko aka canza, ka duba wayarka ka ƙirga, sai ka gwada lissafinka da na alƙali lokacin da ya busa.