Makirufo mai tiyub a Legas: in saya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin situdiyo a Agege, muna ɗaukar waƙoƙin biki da na yabon Manzo. Na tara kuɗi, zuciyata ta kwanta da makirufon Neumann U67. Wani a kasuwar Alaba ya ce zai samo mini na hannu. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, idonka ya san abu mai kyau. Tun 1960 aka fito da U67, kamfanin ya sake ƙera shi a 2018, kuma har gobe manyan situdiyo na ji da shi. Tiyub, wato 'yar kwalbar gilashin da ke cikinsa, irin ta rediyon da, ita ke sa murya ta fito da kauri da taushi. Amma ka ɗan dakata.

Makirufon nan ba ya ɓoye komai. Ƙugin janaretan maƙwabci, hon ɗin danfo, muryar da ta bugi bango ta dawo, duk zai kwaso su tsaf. In ba ka gyara ɗakin ba, ka biya miliyoyi ne don ka ji hayaniyar Agege da kyau.

Sai wuta, wadda ta fi damuna. Ba ya aiki da bolt 48 ɗin da na'urar ɗaukar sauti ke bai wa sauran makirufo. Yana da akwatin wutarsa daban da wayarsa ta musamman. Idan daga Amurka ya zo, duba ko an saita akwatin a kan bolt 230 irin wutarmu kafin ka jona, domin tasu 120 ce. Kada ka haɗa shi kai tsaye da janareta, sa sitabilaiza mai kyau. Ka kunna shi kamar minti 20 kafin mawaƙi ya fara, tiyub ɗin ya ɗumama.

Danshin Legas kuma, musamman da damina, yana taruwa a kan fatar da ke ɗaukar sauti har ka ji ƙaras-ƙaras. Gama aiki, mayar da shi akwati tare da ƙullin silika mai tsotse laima.

Na hannun kuwa, kada ka biya sai ka rera a cikinsa, ka kuma aika wa kamfanin lambar jikinsa su tabbatar, don jabun Neumann suna yawo. Da ni ne, WA-67 na kamfanin Warm Audio, wanda aka kwaikwayi U67 da shi amma ya fi araha, zan fara ɗauka, ragowar kuɗin in zuba a gyaran bangon ɗakin da inbata.